Gani Ya Kori Ji? Kiɗan Finafinan Almara Tsakanin Faifai da Zaure

A fim ɗin The Return of the King, wanda ya fito a 2003, akwai wurin da baki ke mutuwa kiɗa ya karɓi zance. Abokan gaba sun doshi Minas Tirith, babban birnin masarautar Gondor, sai ɗan ƙaramin Pippin ya lallaɓa ya hau hasumiya ya cinna wa tarin itace wuta, alamar neman ɗauki. Daga nan wuta ta riƙa tashi daga ƙololuwar wannan dutse zuwa ta wancan, ta keta gajimare da ƙanƙara, dare ya yi gari ya waye, har ta kai ƙasar Rohan. Duk tsawon tafiyar wutar nan bisa duwatsu ba a jin muryar kowa. Masu goge ne ke ta hawa kamar mai taka tsani, har ƙahonin tagulla su fasa da kiɗan masarautar Gondor.

Masoyan wannan fim bakinsu ɗaya a kan cewa wurin nan yana tayar da tsikar jiki. Inda suka rabu shi ne wurin da ya fi dacewa a ji shi. Wasu sun ce a ji shi yadda aka ɗauke shi aka ajiye, a cikin fim ɗin ko a faifansa, domin haka mai shi ya gama aikinsa ya sallame shi. Wasu kuwa sun ce duk wanda bai zauna a zauren kiɗa ya ga mutum fiye da 200 suna kaɗa shi a gabansa ba, fim na tafiya a kan allo bisa kawunansu, labarinsa kawai ya ji. Bari mu kira na farko 'yan faifai, na biyu 'yan zaure, mu ɗora hujjojinsu a kan sikeli ɗaya bayan ɗaya.

Kafin awo, sai an san kayan. Howard Shore, mutumin Kanada da aka haifa a Toronto a 1946, shi ya tsara kiɗan finafinai uku na The Lord of the Rings, waɗanda Peter Jackson ya shirya a Niyu Zilan daga littafin J.R.R. Tolkien, suka fito a 2001 da 2002 da 2003. Babbar ƙungiyar makaɗa ta London Philharmonic ce ta kaɗa mafi yawansa, tare da rukunin mawaƙa na London Voices da yara mawaƙa na makarantar London Oratory. Aikin ya ciyo wa Shore kyautar Oscar uku, biyu na kiɗan fim na farko da na uku, ɗaya ta waƙar rufe labari. Da aka fitar da cikakken faifan kiɗan tsakanin 2005 da 2007, sai ga shi ya kai kimanin awa goma.

Abin da ya riƙe awa goman nan bai bar su sun watse ba, wani abu ne da Bahaushe ya daɗe da saninsa, wato take. Kafin ka hango sarki, tambari da kakaki sun riga sun gaya maka wanda ke tafe. Ɗan dambe da manomi da mahauci, kowa yana da kiɗan da in an taɓa shi zai miƙe. Haka Shore ya yi wa duniyar Tolkien: zoben da labarin ya ginu a kansa da takensa, kowace masarauta da nata, ayarin mutum tara da ya ɗauki nauyin zoben shi ma da nasa. Take-taken suna da yawan gaske, har marubuci Doug Adams ya bi su ɗaya bayan ɗaya a littafinsa na 2010. A Turai an fi danganta wannan dabara da Richard Wagner na Jamus, wanda shi ma babban aikinsa a kan wani zobe yake. Kuma take a hannun Shore yana girma kamar mutum. Taken Gondor da ya cika sararin sama a wurin wutar nan, a fim na farko ƙaho ɗaya tal ya busa shi a hankali, lokacin da Boromir, ɗan Gondor, ke maganar ƙasarsa a taron Elrond, inda aka haɗa ayarin. Shuka ce da aka yi a 2001, aka girbe a 2003.

Kowace ƙasa kuma da kayan kiɗanta. Ƙauyen Shire ya samu 'yar sarewar ƙarfe irin ta Ayalan. Rohan, ƙasar mahaya dawaki, ta samu gogen Hardanger na Norway, wanda ke da wasu tsirkiyoyi a ƙarƙashi da ba a taɓa su amma suna amsawa da kansu. Isengard, maƙerar yaƙi, ta samu uwar maƙera da sarƙoƙin da ake bugawa a kan wayoyin piyano, a bugu biyar-biyar maimakon huɗu-huɗun da kunne ya saba, don mai sauraro ya ji kamar inji ne ke tafiya da ɗingishi. Mordor kuwa, gidan mugunta, ta samu algaitar Maroko, 'yar uwar algaitarmu ta jini da suna. Kunnen Bature yana jin barazana a cikin kukanta, kunnen Bahaushe kuwa yana iya jiyo ƙofar fada. Mawaƙan ma da harsunan da Tolkien ya ƙirƙira suke rerawa, su Quenya da Sindarin da Khuzdul, sai Tsohon Ingilishi ga mutanen Rohan.

Fitar kiɗan daga fim zuwa zaure hawa biyu ta yi. A ranar 29 ga Nuwamba 2003, a birnin Wellington, Shore ya jagoranci ƙungiyar makaɗan Niyu Zilan suka kaɗa The Lord of the Rings Symphony, wato taƙaitaccen kiɗan a babi shida, kimanin awa biyu, babu fim a bayansa. Sai a 2008, a zauren KKL na birnin Lucerne a Suwizalan, madugun makaɗa Ludwig Wicki da ƙungiyar 21st Century Symphony Orchestra suka haska fim na farko gaba ɗayansa, an cire kiɗansa, su suna mayar da shi kai-tsaye. A 2009 abin ya isa Royal Albert Hall na Landan da Radio City Music Hall na Niyu Yok. Wasu ma sun bi hanyoyi masu kama da wannan. A 2008 ɗin Joe Hisaishi ya tara makaɗa da mawaƙa sama da dubu ɗaya a Budokan na Tokyo don kiɗan finafinan Hayao Miyazaki. A 2016 aka soma zagaya duniya da finafinan Harry Potter a zaurukan kiɗa, a 2017 kuma Ramin Djawadi ya fita da kiɗan Game of Thrones. Inda duk aka yi, gardamar nan tana biye.

Hujjar farko ta 'yan faifai ita ce cikar aiki. A ɗakin ɗaukar sauti ba a barin kuskure ya kwana. Akan kaɗa gaɓa ɗaya sau da yawa, a zaɓi wadda ta fi, wani lokaci a yanko farkon wannan a haɗa da ƙarshen waccan. Shore da kansa ya raba wa kowane kayan kiɗa aikinsa, shi ya tsaya gaban makaɗan a zauren garin Watford, aka kai sautin sutudiyon Abbey Road aka daidaita. Don haka abin da ke cikin faifan shi ne maganarsa ta ƙarshe: saurin da ya so, ƙarfin da ya so, shirun da ya so. Duk wani kaɗawa da ya biyo baya, in ji su, fassara ce, kuma fassara komai kyanta tana bayan asali.

'Yan zaure ba su musanta wannan cika ba, sai dai sun ce an saye ta da wani abu mai daraja, wato kasada. A zaure babu a sake. Ƙahon tagulla kayan busa ne mai gardama, ko gwani leɓensa na iya zamewa sauti ya tsage. Idan mutum ɗaya ya ɗaga shi don busa taken Gondor gaban dubban jama'a, kowa ya san zai iya faɗuwa, kuma sanin nan shi ke sa a riƙe numfashi. Haka yaron da ke miƙewa ya rera shi kaɗai a wurin da malam-buɗe-littafi ke zuwa wa Gandalf, wanda zai jagoranci ayarin, a kan hasumiyar da aka tsare shi, siririyar murya bisa amon ƙarafan Isengard. A faifai yaron ya riga ya tsallake tun 2001, kullum kuma zai tsallake. A zaure yanzu yake kan siraɗi, a gaban idonka. Labarin da ke magana a kan ƙanana masu ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinsu, a ganinsu, ya fi dacewa da wannan.

Sai maganar sautin kansa. Injiniyan sauti yana da ikon da babu kujerar zaure da ke da shi. Yana iya jawo 'yar sarewar Shire har bakin kunnenka alhali makaɗa kusan ɗari na bayanta, ya sa gogen Hardanger ya fito fili tare da amsawar ɓoyayyun tsirkiyoyinsa, ya danne ganguna don muryar mawaƙiya ta wuce. Masu faifai, ko suna Landan ko suna Zinder, kujera ɗaya suke zaune, kuma ita ce mafi kyau. A zaure kuwa rabonka kujerarka. Na kusa da masu busa ba ya jin goge sosai, na can sama sauti yakan iso masa a gauraye. Royal Albert Hall, mai cin mutum sama da 5,000, ya yi suna da amsa-kuwwa har sai da aka rataya wasu faya-fayai a rufinsa a ƙarshen shekarun 1960. A manyan wurare irin Radio City, mai kujeru kusan 6,000, dole a sa wa makaɗa makirufo. Nan 'yan faifai ke tambaya: in dai ta lasifika sautin zai iso, ina bambancin?

Amsar 'yan zaure ita ce kiɗa ba kunne kaɗai ke jinsa ba. Idan ayarin ya shiga ramukan Moria, maza mawaƙa suka soma gurnani da harshen wadanni, manyan ganguna suka amsa, ƙirji ne ke fara samun labari, sannan tafin ƙafa ta cikin daɓen zauren. Tazarar da ke tsakanin sautin da ya fi kowanne laushi da wanda ya fi kowanne ƙarfi a babbar ƙungiyar makaɗa, lasifikar waya ko ta talabijin ba ta iya ɗaukarta, sai ta matse ta. Akwai kuma ƙananan abubuwan da faifai ke sharewa: jan numfashin mawaƙa fiye da ɗari a tare kafin su fasa, karar baka a kan tsirkiya, juya takarda. Sun yarda ba kowane zaure ne ke ba da wannan ba. Amma a wuri irin KKL, mai kujeru 1,840, wanda don kiɗa aka gina shi, sun ce wanda ya ji sau ɗaya ba ya ƙara tambayar ina bambancin.

A nan ne muka iso tsakiyar gardamar: shin kiɗan fim bawan labari ne, ko abokin tafiyarsa? 'Yan faifai, musamman masu son jinsa a cikin fim, sun ce ƙarfinsa a ɓoyuwarsa yake. Yana shiga zuciya ta ƙofar baya, mai kallo ya tarar da hawaye a idonsa bai san wanda ya kawo su ba. Shi ya sa masu haɗa sauti ke sassauta shi idan ana magana, su bar takobi da kofato su yi amonsu, wani wuri ma su ɗauke shi ɗungurungum. Wagner kansa, da ya gina gidan wasansa a Bayreuth aka buɗe a 1876, ɓoye makaɗa ya yi a wani rami ƙarƙashin dandamali don kada ido ya bar labari. A zaure an juya wannan tsari. Kiɗa yakan rufe maganar 'yan wasa har sai an sa rubutu a ƙasan allo, ko da kuwa masu kallon Ingilishi ne harshensu. Ido kuma ya rabu biyu, rabi ga Frodo mai ɗauke da zoben, rabi ga hannun madugu. Mai bin zomo biyu, in ji su, da wuya ya koma gida da ko ɗaya.

'Yan zaure sun ce wannan juyin shi ne ainihin abin da suka zo nema. Shekara da shekaru kiɗan yana ƙarƙashin hayaniyar yaƙi, ana cin moriyarsa ba a ga fuskarsa ba. A zaure ne mutum ke gane cewa a bayan wata hira da ya haddace akwai taken zobe yana rarrafe a ƙasa, ko ya lura taken ayarin nan, wanda ya tsaya cif a taron Elrond, ya kakkarye bayan faɗuwar Gandalf, ya koma zuwa guntu-guntu. Ido a nan malamin kunne ne: ka ga mai algaita ya miƙe, sai ka ji algaita, alhali ka sha kallon fim ɗin ba ka taɓa ware ta ba. Suna kuma tunatar da cewa su ne ke kan tsohuwar hanya. Kafin fim mai magana ya kafu bayan The Jazz Singer na 1927, gidajen sinima da mai piyano suke haska fim, manya daga cikinsu da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa. Abin da ake gani sabo, komawa gida ne.

Muryoyi ma suna da nasu awon. Waƙar da ta rufe fim na farko Enya ce ta rera, ta na biyu Emilíana Torrini, ta na uku Annie Lennox. Renée Fleming ta sa murya a fim na uku, James Galway ya busa sarewa. Ga ɗan faifai, waƙa da muryar da ta fara rera ta hanta da jini ne. Yaran da suka rera a farkon shekarun 2000, irin su Edward Ross da Ben Del Maestro, muryarsu ta daɗe da fashewa, faifai ne kaɗai ya riƙe ta yadda take. A zaure kuwa mawaƙiya ɗaya ce kan ɗauki mafi yawan waɗannan gurabe, kamar yadda Kaitlyn Lusk ta yi shekaru tana yi, kuma komai gwanintarta ba za ta zama mata huɗu ba.

Ɗan zaure yana kallon wannan ta wata fuska. Kiɗan da murya ɗaya kaɗai ke iya ɗauka, in ji shi, ranar da muryar ta tafi shi ma ya tafi. Alamar aiki mai ɗorewa ita ce baƙo ya ɗauka ya zauna masa. A garuruwa da dama da ake kai wannan kiɗa, mawaƙan garin ne ke zama su koyi furta harsunan Tolkien, yaran garin ne ke hawa dandamali, iyayensu na cikin masu kallo. Ta haka kiɗan ya bar zama mallakar wasu makaɗa na Landan a wasu 'yan shekaru, ya shiga sahun ayyukan da kowace ƙungiya ke iya buɗe takardunsu ta kaɗa, kamar yadda ake yi wa na Beethoven. Faifai ya adana murya, zaure ya ba ta magada.

Akwai wata suka da ta fi fitowa daga masoyan kiɗan gargajiyar Turai, kuma 'yan faifai sun are ta. Sun ce ran kaɗawa kai-tsaye shi ne 'yancin madugu: ya ja nan, ya sassauta can, ya bi numfashin zauren. To amma madugun da ke bin fim a ɗaure yake. Gabansa akwai ɗan allo, wani layi na ratsa hoton daga hagu zuwa dama, wani haske na ƙyaftawa a daidai inda bugu zai faɗa, tsohuwar dabarar Hollywood ke nan. A wasu wasannin ma har da ƙaramar na'ura a kunne mai ƙirga bugu. Fim ba ya jira. In ƙofa za ta fashe a daƙiƙa kaza, ganga sai ta faɗa a daƙiƙar. Ashe, in ji su, mutum 200 aka tara su kwaikwayi faifai. Suna ƙarawa da cewa gajeren fim ɗin da aka nuna a sinima ake haskawa, alhali masoya da yawa dogon da aka ƙara wa gaɓoɓi suka fi so.

'Yan zaure sun amsa cewa ɗauri ba ya hana gwaninta, shi ke nuna ta. Mawaƙin da ke bin ma'aunin waƙa da amsa-amo a ɗaure yake, amma a nan ake gane fasihi. Tsakanin wannan alama da waccan akwai filin da madugu zai sa masu goge su yi kuka ko su yi lallashi, ya fito da muryar da ke tsakiya, ya bar ƙaho ya yi tsawa. Riƙe jama'a masu yawa haka kusan awa uku, su faɗa tare da hoto gaɓa bayan gaɓa, abin kallo ne shi kansa. Wanda kuma ke son kiɗan ba tare da linzamin allo ba, ga taƙaitaccen nan na babi shida, inda madugu ke da ikon numfashinsa. Sai dai gaskiya ita ce ko a can, mafi yawan masu sauraro da fim ɗin suke zuwa a cikin kansu.

Sai zancen wanda kake tare da shi. Faifai abokin kaɗaici ne, kuma wannan ba aibi ba ne. Mutum yakan sa shi cikin dare, ko a doguwar tafiya, ko ranar da zuciya ta yi nauyi, ya maimaita wuri ɗaya sau goma ba mai hana shi. Da irin wannan maimaici ne masoya suka gano dangantakar take-taken, ba a dare ɗaya ba. Abin da ke damun ɗan faifai a zaure shi ne jama'a: tafi idan gwarzo ya bayyana, sowa idan an faɗi wata sananniyar magana, hasken waya, tari a daidai inda aka yi shiru, hutun rabin lokaci da ke yanke labari biyu. Ya zo sauraro ya tarar da biki.

Ɗan zaure kuwa bikin ne ya kawo shi. Ya ce almara tun asali abin taro ce, a dandali ake ba da ita. Labarin da jigonsa zumunci da riƙon amana, jinsa a tsakiyar dubban mutanen da suka yi shiru tare a mutuwar Boromir ya fi jinsa kai kaɗai. Yana kuma nuna abu guda da kowa zai iya shaidawa: a sinima, da sunaye sun fara hawa a ƙarshen fim jama'a kan tashi, a zaure kuwa zama ake gyarawa, domin lokacin ne mawaƙiya za ta fito. Bayan haka a miƙe a tafa wa mai sarewa da mai goge da yara, mutanen da a fim sai a can ƙarshen jerin sunaye ake tunawa da su. Da yawa daga cikin masu tafin nan wannan ne karo na farko da suka taka zauren irin wannan kiɗa, kuma ƙungiyoyin makaɗa sun san haka, shi ya sa wasannin fim suka samu gurbi a jadawalinsu.

Awo na ƙarshe shi ne na aljihu da nisa, kuma a nan sikelin ya karkata ƙwarai. Tara mutum fiye da 200 da allo da injiniyoyi kuɗi ne mai yawa, tikiti kuwa shi ke biya. Wasannin sun fi yawa a Turai da Amurka da gabashin Asiya da Ostireliya. Masoyin da ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi, kafin ya kai ƙofar zaure sai ya wuce biza da kuɗin jirgi da masauki. Faifai kuwa yana cikin wayar da ke aljihunsa. 'Yan zaure na iya cewa abin da ke da wuyar samu shi ke zama a rai, dare ɗaya da za a riƙa ba jikoki labari. Gaskiya ne. Amma hujjar da ke cewa wanda bai je ba bai ji kiɗan ba, ta fitar da mafi yawan masoyansa daga gidan, kuma wannan bai yi kama da adalci ba.

To, ina sikelin ya tsaya? Idan aka duba da kyau, ɓangarorin biyu ba abu ɗaya suke so ba, ko da yake suna kiransa da suna ɗaya. Ɗan faifai yana son abin da Shore ya yi, ɗan zaure yana son ganin ana yin sa. A wajen cika da daidaito da muryoyin asali da sauƙin samu, faifai ne a gaba. A wajen kasada da amo a jiki da koyar da kunne da girmama makaɗa, zaure ne a gaba. A kan hidimar labari, fim ya fi. A kan fito da kiɗan fili, zaure ya fi.

Amma in aka ce lallai sai an ɗauki ɗaya a bar ɗaya, ni faifai zan ɗauka, da fim ɗin da aka yi shi dominsa. Dalilina shi ne zaure aro yake yi daga gare shi. Hawayen da ke zuba a zaure idan 'yar sarewar Shire ta dawo a gangaren Dutsen Halaka, lokacin da Sam ke tuna wa abokinsa Frodo gida, ba a daren aka haƙa rijiyarsu ba. An haƙa ta shekaru da suka wuce, a gaban wani ƙaramin allo, lokacin da mutum bai ma san akwai mai busa ba. Take ba ya aiki sai ga wanda ya riga ya san mai shi. Baƙon da bai taɓa jin labarin sarki ba, kakaki a wurinsa ƙara ce kawai mai daɗi.

Sai dai zaure mai aro ne da ke biya da riba. Wanda ya je ya dawo, fim ɗinsa ya canza. Zai sake zama gaban wurin wutar nan da ya gani sau ashirin, ya ga duwatsu da gajimare kamar kullum, amma yanzu a ƙarƙashinsu yana ganin hannuwa da yawa na ja da baka a tare, da jerin masu ƙaho suna cika ƙirji da iska kafin su fasa. Ana cewa gani ya kori ji. A wannan fage ji ne ya fara zuwa ya share wuri, gani ya biyo ya gaya masa sunayen waɗanda ya daɗe yana saurara.